Ƙwayar Cutar Mura da Dalilin Sauye-sauyenta



Murar da aka umurce ni in yi bayani a kanta yau ita ce mai tsanani wadda likitoci ke kira infuluwenza, wadda a shekarar 1918 ta game duniya kamar wutar daji, ta sauka Ikko ta jiragen ruwa, ta biyo hanyar dogo zuwa Arewa, har masana tarihi suka ƙiyasta cewa ta halaka mutane kimanin miliyan 50 a faɗin duniya. A lokacin nan babu wanda ya san sababinta, sai a 1933 ne wasu masu bincike uku a Landan, Smith da Andrewes da Laidlaw, suka ware ƙwayar daga jikin ɗan Adam.

Ita dai wannan ƙwaya, wato bairus, ƙanƙantarta ta kai inda in aka jera 10,000 da ƙyar su cika milimita guda, kuma ba ta da ikon haihuwa da kanta sai ta shiga ƙwayar halittar mai rai ta mallake ta. An lulluɓe ta da fatar maiƙo, a kan fatar kuwa akwai tsinkayen furotin iri biyu: wanda ake wa laƙabi da H, shi ne ke liƙewa a jikin maƙogwaro da huhu ya buɗe mata ƙofa, da wanda ake kira N, mai yanke ɗaurin da zai riƙe sababbin ƙwayoyi domin su fita su kama na gaba. Daga waɗannan haruffa aka samo sunaye irin H1N1 da H5N1, kuma maganin Tamiflu aikinsa shi ne ya ɗaure hannun N ɗin.

To amma inda hikimar take, inda kuma nake roƙon ku tattara hankalinku, shi ne cikin cikinta. Ilmin da ƙwayar ke gadar wa 'ya'yanta an rubuta shi ne da RNA, kuma a jinsunanta da ake kira A da B ya kasu gida takwas, kowane a ware. Ku ɗauke shi kamar littafin malaman zaure mai warƙa takwas da ba a ɗinke ba, wanda aka ba wani marubuci mai gaggawa ya kwafa, alhali ba ya muƙabala da asali. Kowane kwafi sai an sami tuntuɓen alƙalami, kurakuran su yi ta taruwa shekara bayan shekara, har siffar H ta sauya yadda garkuwar jikin da ta san ta bara ba za ta shaida ta bana ba. Wannan ne dalilin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, domin zaɓen irin da za a zuba cikin allurar riga-kafi.

Abin da ya fi wannan hatsari kuwa shi ne in ƙwayoyi biyu mabambanta, ta tsuntsu da ta mutum, suka haɗu a cikin ƙwayar halitta guda, sau da yawa a jikin alade wanda ke karɓar dukansu, domin a nan warƙoƙin littattafan biyu sukan cakuɗe, a wayi gari da sabon littafi wanda babu jikin da ya taɓa karanta shi. Haka ta faru a 1957, lokacin da H2N2 ta karɓi yanki uku daga tsuntsaye, haka kuma a 1968 da H3N2 ta ɓulla a Hong Kong da yanki biyu. Ta 2009 kuwa, wadda aka fara gani a Meziko da Amurka, ta haɗa gadon alade da tsuntsu da mutum gaba ɗaya.

Asalin ma'ajiyar jinsin A ita ce tsuntsayen ruwa, irin agwagin daji da ke ƙetare Sahara su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru lokacin hunturu. Saboda haka mas'alar ta shafe mu kai tsaye, kuma ba mu manta cewa a Fabrairun 2006 a wata gonar kaji ta Jaji, cikin jihar Kaduna, aka fara tabbatar da H5N1 a nahiyar Afirka ba. A ra'ayina, mai kiwon kaji da mai fige su a kasuwa su ne masu tsaron sahun farko, tun kafin likita. Ina roƙonku, ya ku ɗalibai, in kun koma garuruwanku ku sanar da iyayenmu cewa kajin da suka faɗi farat ɗaya ba a yanka su a ci, ba a kuma kai ragowar kasuwa. A sanar da likitan dabbobi, shi zai aika samfur zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom a duba ko wane iri ne.