Idan Na'ura Ta Yi Kuskure, Wa Za a Tambaya?

A makarantun kuɗi da ofisoshin unguwar Giginyu, ba abin mamaki ba ne ka tarar da ma'aikaci ya zuba sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyayensu cikin ChatGPT domin ya haɗa masa rahoto, shugaba kuwa bai ma sani ba.

To, ranka ya daɗe shugaba, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 a wuyan ma'aikatarka ta rataya alhakin. Bayan haka, ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT takan shara ƙarya ko gezau ba ta yi. Sai ka zauna ka koye ta da kanka, ka fayyace bayanan da ba za a saka mata ba, sannan ka naɗa wanda zai duba kowace takarda kafin a buga hatimi.