Ƙullutun Wuyan Hannu: A Duba Kafin A Tsaga

Jawabin da wani ɗan'uwanmu, ma'aikacin jinya, ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a Agege.

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan lafiya, ni kuwa na zaɓi wani ƙaramin abu da yawancinmu mun taɓa gani, wato ƙullutun nan da ke fitowa a wuyan hannu.

Ga dalilin da ya sa na zaɓe shi. Kwanakin baya an kawo mana wani saurayi, ɗan dako, hannunsa na dama ya kumbura suntum, ga zazzaɓi. Da muka bi ba'asi, ashe ɗan ƙullutu ne kamar goro ya fito masa, ko ciwo ba ya yi. Abokai suka ce mataccen jini ne, aka sa aska aka tsaga. Bayan 'yan kwanaki wurin ya ruɓe. Yaron nan ya yi makonni a kwance, har yau wuyan hannun bai lanƙwasuwa sosai. Jama'a, mutumin da ya baro gida ya zo Kurmi neman abinci, hannunsa ne jarinsa. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

To, mene ne wannan ƙullutu? Likitoci suna ce da shi gangiliyon. Kowace gaɓa Allah ya yi mata wani ruwa mai yauƙi da ke hana ƙashi gogar ƙashi, kamar yadda giris ke yi wa inji. Wani lokaci sai 'yar jaka ta ɓullo daga gaɓar, ko daga rigar jijiya, ruwan ya riƙa shiga, fita kuwa ta yi masa wuya, ya taru ya yi kauri. Shi ke nan abin da ke ciki. Ba jini ba ne, ba mugunya ba ce, ba ciwon daji ba ne, kuma ba ya rikiɗa ya zama shi. Ba a ɗaukarsa daga jikin wani, balle a ce jifa ne.

Cikin kumburin da ke fitowa a hannu, babu wanda ya kai shi yawa. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 a bayan wuyan hannu yake fita. Sauran sukan fito ta ciki wajen gindin babban yatsa, ko a gindin yatsu, ko a bayan ƙafa. Ya fi samun mata, kuma ya fi yawa tsakanin shekara 20 zuwa 40. Za ku lura idan an sha aiki, kamar wanki ko daka ko ɗaukar kaya, sai ya taso. Idan an huta sai ya lafa. A ɗaki mai duhu in ka ɗora masa tocila, haske kan ratsa shi, don ruwa ne a ciki.

Yanzu ga albishir: kusan rabinsu da kansu suke bajewa, ba magani, ba komai, sai dai a yi haƙuri da su watanni, wani lokaci har shekara ko fiye. Saboda haka idan likita ya duba ya ce ka je gida ka bar shi, kada ka ce ya raina ka.

Abu biyu nake roƙonku ku bari. Na farko duka. Turawan Ingila ma a da da ƙaton littafi suke maka masa ya fashe, amma likitocinsu sun hana, domin ana iya fasa ƙananan ƙasusuwan wurin, kuma sau da yawa yana dawowa. Na biyu tsaga ko sakiya. Iyayenmu wanzamai, ku yi mini afuwa, ban raina sana'arku ba. Amma jakar nan tana da 'yar hanya da ta zarce har cikin gaɓa, duk ƙazantar da ta bi aska can za ta sauka. Wanda ya fito ta ciki kuwa, dab yake da jijiyar jinin nan da likita ke taɓawa ya ji bugun zuciya. Kuskure kaɗan, tsayar da jinin sai Allah. Ban da haɗarin ciwon hanta da ƙanjamau idan an yi tarayya a aska ɗaya.

Idan yana ciwo, ko yatsu na mutuwa, ko ya hana aiki, akwai abin yi a asibiti. Ana iya ɗaure hannun ya huta. Ana iya zuƙe ruwan da allura mai tsabta, sai dai fiye da rabi sukan dawo, tunda jakar na nan. Ana kuma iya yin tiyata a cire jakar har tushenta. Nan ma yakan dawo, amma ga kaɗan, kamar mutum 1 ko 2 cikin 10. A nan Ikko muna da asibitin ƙashi na Igbobi, wanda kuma ya koma gida akwai na Dala a Kano.

Yana da ɗan'uwa da ke fitowa a bayan gwiwa, wanda wani likitan Ingila mai suna Baker ya bayyana a 1877. Shi wannan ga manya sau da yawa alama ce gwiwar kanta na da matsala, kamar amosanin gaɓɓai, don haka gwiwar ake dubawa.

Sai dai fa, 'yan'uwa, ba kowane ƙullutu ne gangiliyon ba, shi ya sa na ce a duba. A garzaya asibiti idan kumburi yana da tauri kamar dutse, ko yana girma da sauri, ko ya wuce santimita 5, wato kusan ƙwan kaza, ko yana hana barci da dare. Haka kuma idan ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, ko mutum yana rama yana tari, domin tarin fuka yakan kama gaɓa. Mai ciwon sukari kuwa, ko ƙaramin kumburi ne a ƙafa kada ya yi wasa da shi.

Iyayenmu mata, ku ne abin ya fi samu, ku ne kuma kuka fi ɓoyewa. Maigida, in ka gani ka kai ta, kuɗin kati bai kai kuɗin jinya ba. Masu gida da ke sauke baƙi, ku isar wa yaranku wannan saƙo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a nemanmu, ya mai da mu gida lafiya.