Ina Ruwan Lagireto Yake Tafiya?



Bara motata ta dinga shanye ruwan lagireto, alhali ko ɗigo babu a ƙasa. Na raina abin, ina ta ƙara ruwa, har inji ya ɗau zafi a hanyar Zariya. Gyaran ya cinye mini albashin wata biyu.

Ashe gaskit ne ya ƙone, ruwa na shiga silinda yana fita ta salansa. Alamominsa su ne farin hayaƙi ko bayan inji ya ɗumama, kumfa cikin lagireto, da baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. In babu waɗannan, ku duba tiyo da murfin lagireto, amma sai inji ya huce.

Kada ku yi sakaci irin nawa.