Ranar Mazan Jiya a Tafoki

A duk ranar 15 ga Janairu, wadda hukuma ta keɓe domin tunawa da mazan jiya tun da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, sai zuciyata ta koma Tafoki, ƙasar Faskari, inda kakana, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi yaƙin Bama a rundunar Afirka ta Yamma, ya ƙare rayuwarsa yana noman auduga da dawa, lambobin girmansa kuwa na cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, bai taɓa saka su ba.

Ba ya ba da labarin dajin Bama, amma idan rediyo ta saki kalangun Mamman Shata, wanda Funtua ke tinƙaho da shi, sai ya ajiye tasbihinsa ya yi shiru, mu yara muna zaton barci ne.

A ganina, furannin da manya ke ajiyewa a Abuja a wannan rana ba sa kaiwa ga matan sojojin da ke faɗuwa yau a dazukan Sabuwa da Ƙanƙara. Kakata dai, har ta rasu, kowace Juma'a sai ta toya ƙosai ta yi wa kakana sadaka.