Kuɗin eNaira da Albashin Malami

 

Kakanninmu sun ci kasuwar Kurmi da wuri, har ma kalmar "kuɗi" asalinta jam'in wuri ce. Wuri ya kau, fam da sule suka yi zamaninsu, naira ta gaje su a 1973. Ranar 25 ga Oktoba, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, wato naira ta cikin waya, wadda Babban Bankin Najeriya ke ɗauke da alhakinta kai tsaye, ba bankunan kasuwanci ba.

To, ina ruwan malami? Ruwansa albashinsa. Idan farashi ya hau, Babban Banki kan ɗaga kuɗin ruwa, kamar yadda ya kai shi kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamba 2024, domin bashi ya yi tsada, kuɗi su ragu a gari. Sai dai wannan mataki ta bankuna yake bi, alhali a 2022 bankin da kansa ya ce fiye da kashi 80 na takardun kuɗin da ke yawo suna wajen bankuna. Mai awo a Rimi ko Jakara ba ya ma jin an ɗaga.

In eNaira ta karɓu, hannun Babban Banki zai kai aljihunmu ba tare da ɗan aike ba. Zai ga juyawar kuɗi nan take, ya ƙayyade iyakar ajiya, har yana iya ɗora mata kuɗin ruwa wata rana, kodayake yanzu babu. Haka kuma, in jama'a suka kwashe ajiyarsu daga bankuna, abin da bankunan za su ranta zai ragu, bashin gyaran gida ya ƙara wuya.

Ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin takardun 200, 500 da 1000. Albashi na cikin asusu, amma kuɗin cefane ya gagara, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. A shekarar ce binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna kashi 98.5 na asusun eNaira ba a taɓa su a mako. Jama'a ba su yarda ba, kuɗi kuwa da yarda yake tafiya.

Saboda haka, duk ranar da aka kawo shawarar biyan albashi da eNaira, mu tsaya kan abu uku: ya zama zaɓi ba dole ba, a iya mayar da ita tsaba ba tare da ragi ba, doka kuma ta kare sirrin cinikinmu. Kafin nan, mu fahimci al'amarin, mu fahimtar da ɗalibanmu da iyalanmu.

Allah ya albarkaci guminmu.