Zaɓen Fitilar Dare Domin Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Tafiya Da Iska

Ku sani cewa ruwa ma yana da dokokinsa kamar yadda hanyar mota take da nata. Ƙasashen duniya sun amince da ƙa'idodin hana karon jiragen ruwa a 1972, suka fara aiki a 1977, kuma a cikinsu aka kafa wa kowane jirgi fitilun da zai kunna tun daga faɗuwar rana har fitowarta.

Kafin mutum ya sayi fitila, sai ya fara auna tsawon jirginsa. Jirgin da iska take tuƙawa yana bukatar fitilu uku: ja a hagu, kore a dama, fara a baya. Da waɗannan launuka ne matuƙin wani jirgi yake gane inda kuka dosa. In jirgin bai kai mita 12 ba, lalle a hango ta gefe daga mil 1 na teku, watau mita 1,852, ta baya kuwa daga mil 2.

In bai kai mita 20 ba, an yarda a haɗa launukan uku cikin fitila ɗaya a ƙolin sandar da ake ɗaura zanen iska. Wannan tana da sauƙin cin batir, kuma igiyar ruwa ba ta ɓoye ta. Amma a wuri kamar mashigin tashar jiragen Legas, inda hasken gari ya cika ko'ina, fitilar sama takan saje da fitilun birni, matuƙin babban jirgi ya ɗauke ta a nesa alhali tana gab da shi. A ganina, mai zirga-zirga a irin wannan ruwa ya fi dacewa da fitilu uku na ƙasa.

Ga inda mutane da yawa suke kuskure. Da zarar an tayar da inji, jirgin ya zama mai inji a idon doka, ko da zanensa yana buɗe. Sai a kashe fitilar ƙoli mai launi uku, a kunna na gefe da ta baya, tare da farar fitila a gaban sanda.

Fitilun LED sun fi tsofaffin ƙwai ƙarko da tsimin wuta. Sai dai kada a cusa farin ƙwan LED cikin tsohon gilashi mai launi, domin kore yakan rikiɗe ya yi shuɗi-shuɗi.

Jirgin da bai kai mita 7 ba, da kwalekwalen da ake tuƙawa da hannu, in waɗannan fitilu ba su samu ba, dole mai shi ya riƙe tocila ko fitila mai farin haske kusa da hannunsa, ya nuna ta tun wancan jirgin yana nesa.