Tumbin Saniya da Ƙwaryar Nonon Yaranmu

Malam Shugaba, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai, barkanmu da haɗuwa a nan Hanwa.

Da yawanmu mun shiga kiwo ne saboda albashi ba ya ganin ƙarshen wata. Wani yana da saniya ɗaure a bayan gida, wani ya ba da amana a ruga. Abin da muka fi tambaya shi ne yawan nonon da aka tatsa. Yau ina so mu duba abin da ke cikinsa.

Saniya ba ta dogara da sinadaran bitamin B daga waje kamar mu ba. A cikin tumbinta akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke narka ciyawa, su ne kuma ke haɗa waɗannan sinadarai. Mafi muhimmanci gare mu shi ne B12, domin babu shi a tuwo, babu shi a miyar kuka. Sai a nama, kifi, ƙwai da nono. Yaron da ya rasa shi jininsa kan yi ƙaranci, kasala ta kama shi. Mu da ke tsaye gaban allo mun san irin wannan yaro, kuma sau da yawa lalaci muke ɗora masa.

To, waɗannan ƙwayoyi abin da muka zuba a kwami suke ci. Idan aka cika wa saniya tsabar masara don nono ya ƙaru, tumbi kan yi tsami, B12 ya ragu. Ciyawa da harawa ne suka fi taimaka masa. Amma wanda ya bar ta da busasshen karan dawa kaɗai tun daga Janairu har faɗuwar damina, shi ma ya sa ƙwayoyin cikin yunwa, don abin gina jikin da ke cikin kara kaɗan ne. Nan harawar wake da ta gyaɗa ke da rana. A saye su da kaka suna araha, a adana a inuwa, a riƙa haɗawa da kara. Sannan B12 ba ya haɗuwa sai da ma'adinin kobal, saboda haka a nemi gishirin lasa mai ɗauke da shi. Kanwa ba ta wadatar ba.

Abin kunya ne a ce ilimin nan yana maƙwabtaka da mu ba mu nema. Tun 1928 ake binciken dabbobi a Shika, inda cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello take yanzu. Ina roƙon Shugaba reshe ya rubuta musu, su turo mana masani kafin kaka.

Ga iyayenmu mata kuma: hasken rana na lalata bitamin B2 da ke cikin nono. In an sayo, a rufe ƙwarya da faifai.